Inno da Likitar Cikin Waya

Ranar da aka dawo da Sadi gida, bayan iska ta kifar da kwalekwalensu a ruwan Bakolori ya kwana biyu a asibiti bai san inda kansa yake ba, Inno tana tsakar gida tana tankaɗe. Matan Birnin Tudu suka cika gidan, masu salati na yi, masu hawaye na yi. Inno ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “To, an gode Allah,” ta ci gaba da girgiza rariya.

Tsofaffi suka yaba ƙwarai. Suka ce ga Bafulatana ta asali, wadda ta san kara. Sadi ɗan fari ne, ɗan fari kuwa uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, balle ta rungume shi a gaban jama'a. Shekara talatin da ɗaya Inno ba ta taɓa furta sunan nan ba; in ta matsu sai ta ce “wancan,” in ta so girmamawa ta ce “yayan Kausar.” Abin da masu yabon ba su lura da shi ba shi ne garin nan sau uku ta tankaɗe shi, na ukun ma ba a ƙwarya yake zuba ba, a ƙasa yake zuba. Kaji ne kaɗai suka gane, suka yi walima abinsu.

Tun daga ranar Inno ta rasa kanta. Da ta ji ana juye ruwa a randa sai gabanta ya yanke ya faɗi. Hannu ya kama rawa, har matar da ta yi shekara arba'in tana dama fura ta fara zubar da nono a zane. Tuwo in ta kai loma sai ta tsaya a wuya. Autarta Kausar, wadda ke aiki a wani kantin magani a Talata Mafara, ta ja ta asibiti. Aka auna jini, aka auna sukari, aka ɗauki hoton ƙirji, komai ƙalau. Likita ya ce ciwon ba a jini yake ba, damuwa ce, ya kuma rubuta musu sunan wata Malama Zahra'u da aikinta ke nan, zama da masu damuwa.

Inno ta tambaya ko allura malamar take yi. Kausar ta ce a'a. Ƙwaya fa? Ita ma a'a. To me take yi? Kausar ta ce saurare take yi.

“Saurare kaɗai? Ai wanga aiki maƙwabciyarmu Nagode ma tana yin shi ta bayan danga, ba wanda ya rubuta muna sunanta.”

Da maganar ta mutu a nan, sai dai a yammacin wata Talata Inno tana ɗaure akuya a bayan zaure ta ji Sadi yana gaya wa Kausar cewa ranar Laraba ta sama zai kwashe matarsa da 'ya'yansa su koma Maradun da zama, gaba ɗaya. Kausar ta yi ta ba shi haƙuri. Ya ce ya san kara, ba yau aka haife shi ba, amma kara ma tana da iyaka. An ciro shi daga bakin kabari, mahaifiyarsa ko ido ba ta ɗaga ba. Ai ko akuya aka ciro daga rijiya akan dube ta a ga ko ta karye.

Inno ta tsaya da igiya a hannu. Wallahi maganar ta soke ta, ta kuma san gaskiya ya faɗa ta ɓangarensa. Kwana takwas suka rage ɗanta ya tafi da zaton ba ta damu da shi ba, ita kuwa bakin da za ta gaya masa akasin haka babu shi. Da safe ta kira Kausar ta ce mai sauraren nan, ta ina ake samunta?

Kausar ta ce hanya biyu ce. Ko dai a je a same ta ido da ido a ɗakinta da ke Mafara, ranar Talata kawai take zama, ko kuma a yi kiran bidiyo daga gida a ranar da aka ga dama. Inno ta ce a sake faɗa mata ranar. Talata! Ranar kasuwa, ranar da rabin mutanen yankinsu na Bakura ke Mafara, ƙofar ɗakin kuma tana kallon inda motocin garinsu ke sauke fasinja. Kafin la'asar an gama yaɗawa a Birnin Tudu cewa Inno ta taɓu, an gan ta wajen likitan masu magana su kaɗai. Ta ce Allah ya tsare gatari da noma, a kawo waya.

To, gidan Inno wuri ɗaya ne tak ke da sabis, gindin rumbu, daf da dangar da ta raba su da Nagode. Nan aka kifa turmi ranar Alhamis, aka jingina wayar Kausar da dutsen niƙa. Inno kuwa tun asuba take shiri. Ta share gida har bayan murhu, ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Sai ga ta da ƙwaryar fura da ludayi, ta dire a gaban waya. Kausar ta ce haba Inno, ta ina za ta sha? Inno ta ce ita dai ba a yi baƙo a gidanta ya tashi baki busasshe ba, sha ko rashin sha wannan tsakaninsa da Allah ne. Kausar ta danna kira, ta ce minti arba'in ne fa, ta shige ɗaki.

Fuska ta bayyana, aka yi sallama. Inno ta gyara zama ta fara: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya maigida, ya yara, ya iyaye, ya ruwa, ya aka ji da jama'a. Malama Zahra'u tana amsawa da ladabi. Da ta ga kamar an kai ƙarshe sai ta ce, to Inno, me ke damunki? Inno ta ce lafiya lau, sai alheri, sannan ta tuna ba ta tambayi kakanni ba, ta koma baya. Sau uku Malama na kawo tambayar nan, sau uku Inno na mayar da ita cikin gaisuwa. Ba wai wayo take yi ba. Ita a duniyarta wanda aka tambaya me ke damunsa ya ce wani abu ban da lafiya lau, to ba shi da tarbiyya.

Ana cikin haka kan Nagode ya ɓullo ta saman danga. Ta ji baƙuwar murya, kuma maƙwabcin da ya ji baƙo bai zo gaisuwa ba ai ya yi abin kunya. Ta zagayo da surukarta Safara'u, suka durƙusa a gaban turmi, aka sake sabon lale daga ina kwana. Da Nagode ta ji an ce likita ce, ba ta tsaya jin wace iri ba, ta yaye zane ta kara gwiwarta a fuskar waya, ta ce a duba mata, tun damina biyu take ƙara in za ta yi ruku'u. Malama ta yi bayani cewa ba fanninta ba ne, Nagode ta ce ba komai, a dai duba. Minti arba'in suka cika a kan gwiwar Nagode. Kafin ta fita ta shanye furar, ta ce a madadin baƙuwa.

Aka sake sa rana, Asabar, don Kausar ta binciko Nagode za ta suna a garin Morai. Ta kuma kafa wa Inno doka: gaisuwa uku, ba ƙari. Inno ta yi biyar. Malama ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai tana duba takarda, ta tambaya a hankali ina Inno take lokacin da labarin kifewar jirgin ya iso mata.

Sai kuma Malama ta yi shiru. Kanta a sunkuye, idonta a ƙasa, ko ƙiftawa ba ta yi. Wani ɗan farin zobe yana juyawa a goshinta, Inno ta ɗauka kwalliyar 'yan birni ce. Ta jira a sake tambaya, ba a sake ba. Ta jira a ɗago a kalle ta, ba a ɗago ba. A ranta ta ce, kai, wannan yarinya an yi mata tarbiyya, ta san ba a zuba wa babba ido.

Ita kanta ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Ta faɗi yadda ƙafafunta suka mutu a bakin rijiya ranar da aka zo da labari. Ta faɗi kwana biyun da ta yi ba ta sa komai a ciki ba tana cewa azumi take. Ta faɗi garin da ta tankaɗe a ƙasa, da yadda ta so ta jefar da rariyar ta kama kan yaron ta shafa, da yadda idon tsofaffi ya danne ta a kan kujera. Ta yi kuka irin wanda ko a rasuwar mijinta Malam Yakubu ba ta yi ba. Malama kuwa ko tari ba ta yi ba. Kusan rabin sa'a ana haka, Inno ta fyace hanci, ta ji ƙirjinta ya yi sakayau, ta kira Kausar ta zo ta yi wa baiwar Allah godiya.

Kausar ta leƙa waya, ta leƙa fuskar uwarta, ta rasa ta inda za ta fara. Daga ƙarshe ta ce sabis ne ya ɗauke tun ɗazu, hoton ne ya tsaya. Malama ma ga saƙonta nan, ta ce tun tambayar farko ba ta ƙara jin komai ba.

Inno ta dubi turmi, ta dubi rumbu, ta dubi akuyar da ke kwance a gefe tana tuƙa, wadda ita kaɗai ta ji komai daga farko har ƙarshe. Takaici ya ishe ta. Hawayen wata guda ta tara, ta zo ta juye wa dutsen niƙa! Ta ce a ɗauke mata abin nan daga gabanta, in mutuwa ce ma gara ta mutu a gaban mutum mai numfashi. Talata za ta Mafara, kowa ya gani.

Kowa ya gani ɗin nan a baki ne. Ranar Talata ta zura babban hijabin Kausar har ƙasa, ta ɗaura takunkumi, ta ƙara da tabaran marigayi. Kausar ta riga ta wuce kanti da sassafe, motocin kasuwa kuma sun cika da buhunan albasa da masu su, don haka dole ta hau babur ɗin Sadi, wanda dama zai shiga Mafara sayen igiyar ɗaure kaya. Ta zauna can ƙarshen kariyar babur, ta bar tsakaninsu filin da buhun gero zai shiga.

Tana sauka mai rake ya ce, sannu da zuwa Inno. Mai kifi ta ce, Inno jiki ne? Wani direba ya ƙwalo daga cikin mota yana tambayar ya mai jiki, wato Sadi, wanda ke tsaye a gefenta kowa na ganinsa. Duk ɓadda kamar nan ba ta tuna da babur ɗin da ta hau ba. Ta riƙa amsawa ta cikin takunkumi cewa haƙori ne ke damunta.

A kan bencin jira kuma wa za ta tarar? Alhaji Ɗanasabe, babban manomin albasar garinsu, mutumin da in ya yi gyaran murya a majalisa kowa ke shiru. Ya ja hula har gira. Suka dubi juna. Alhaji ya riga ta, ya dafe kunci ya ce haƙori. Inno ta dafe nata ta ce ita ma. Suka yi wa juna Allah ya sawwaƙe, kowa ya juya yana karanta bango, a gidan da ko mai cire haƙori bai taɓa haya ba. Abin mamaki, sai Inno ta ji rabin kunyarta ta sauka.

Da aka kira ta ta shiga, sai ta ga ashe Malama Zahra'u 'yar ƙaramar mace ce, ba ta fi Kausar da shekara uku ba. Inno ta bi asalinta, kamar yadda ya kamata, ta gano 'yar garin Kaya ce, har ta san kakarta mai daddawa. Wannan ya ƙara ɓata lamari. Ga yarinya jikar wadda ka sani, ga ido biyu tar a kanka, ga fanka na juyawa ba abin da za ka fake da shi. Malama ta tambayi sunan yaron. Inno ta ɗaga kai tana duba silin kamar an tambayi silin ɗin. Malama ta gane kuskurenta, ta ba da haƙuri, ta ce yayan Kausar take nufi. Duk da haka harshen Inno ya ƙi motsi. Minti goma suka wuce, ba abin da aka samu sai lafiya lau guda huɗu.

Can Inno ta gaji, ta ce ita fa ta riga ta faɗi komai ranar Asabar, Malama ce ba ta nan. Kuma ba don a ce ta yi rashin kunya ba, waccan ta cikin wayar ta fi wannan iya aiki.

Malama ta yi dariya har ta ajiye biro. Ta tambaya da me ta fi ta.

“Ba ta kallona,” in ji Inno.

Malama ta tashi, ta juya kujerarta ta fuskanci taga, ta ba Inno baya. Sannan a hankali maganar ta fara fitowa, ba da ƙarfin ta ranar Asabar ba, don wancan kukan akuya ta riga ta cinye shi, amma ta fito duka, har da abin da ta ji a bayan zaure da tafiyar gobe Laraba. Malama ta saurara har ƙarshe. Ta gaya mata faɗuwar gaba da rawar hannu ba hauka ba ne, tsoro ne da aka hana shi fita, kuma za su ci gaba da zama har ya lafa. Ta ce ta ji, amma akwai wanda ya fi ta buƙatar jin wannan magana. Inno ta ce wannan kam sai dai a lahira, ita ba za ta tsaya gaban wancan ta buɗe baki ba. Malama ta ce ba ta ce a karya al'ada ba. Ta dai tambaya, duk shekarun nan in tuwonsa ya sauka yaya take sanar da shi? Inno ta ce ai mai sauƙi ne, takan gaya wa kaji da ƙarfi cewa tuwo ya sauka, mai kunne ya ji. Malama ta ce to, Allah ya kai su Talata ta sama, in kuma waya ta fi mata sauƙi za a iya kashe hoton a bar murya.

A hanyar komawa rana ta yi sanyi. Sadi ya ɗaure damin sabuwar igiya a tankin babur, Inno tana ganinta ta gefen kafaɗarsa, kowace gargada sai igiyar ta yi tsalle. Suka wuce gonakin shinkafa, suka gangara kwarin da ke bayan gada. Duk wanda ke bin hanyar nan ya san kwarin, don nan ne waya ke mutuwa. Direbobi ma in suna magana sukan ce bari in fita daga rami in kira ka.

Nan Inno ta laluba cikin hijabi ta ciro 'yar ƙaramar wayarta mai tocila, wadda rabonta da caji tun shekaranjiya. Ta sauke takunkumi, ta kara wayar a kunne, a juye ma, ta ɗaga murya yadda za ta fi ƙarar inji.

“Salamu alaikum, Malama. Ina wuni, ina gajiya. Na manta ban ƙarasa miki ba.”

Ta ga kafaɗar Sadi ta motsa. Ta runtse ido ta ci gaba.

“Ranar da anka kawo wancan, da kinka ji an ce ban ɗago kai ba, ba ƙarfin hali ba ne, Malama. Na san in na dube shi faɗuwa zan yi. Kwana biyu ban ci ba, ban runtsa ba, ina roƙon Allah in rai guda za a ɗauka a ɗauki nawa. Shi na fara ɗauka a bayana. Da shi na koyi zama uwa. Yanzu an ce gobe za shi Maradun, ni kau ba ni da bakin hana shi. Amma in ya tahi yana zaton ban damu ba, to wallahi ya tahi da ƙarya.”

Babur ya rage gudu, ya ƙara ragewa, har wani mai keke da buhun dusa ya wuce su yana waiwaye. Sadi bai juyo ba. Inno tana kallon ƙeyarsa, karo na farko tun da aka dawo da shi, ta ga tabon ɗinki a bayan kunnensa inda gashi bai gama fitowa ba. Ya sa hannun riga ya goge fuska, ya ce wa hanya ƙura ta yi yawa, alhali jiya aka yi ruwa.

Sai da suka kusa fita daga kwarin ya yi gyaran murya.

“A gaya wa Malama an ji,” ya ce. “A gaya mata kuma igiyar nan ta shanya ce, ba ta ɗaure kayan Maradun ba.”

Inno ta riƙe matacciyar wayar a kunne, hawaye na bin tabaran marigayi. Ta ce, “Malama, kin dai ji da kunnenki. Sai Talata.” Ta mayar da wayar cikin hijabi, ta matso gaba kaɗan daga kan kariya, ta kama gefen rigarsa da yatsa biyu saboda gargada.